Tarihin Shari'ar Amurka: Ɗalibai Sun Ce Ba Ruwanmu, Ni Kuwa Na Ce Da Ruwanmu

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo a Badun da Shagamu, da na Anacha da Inugu da Fatakwal, da ku nake. Maganar da na kawo muku a wannan mako, da jin kanta wani zai ce ai ta 'yan boko ce, ina ruwan mai sayar da albasa a Mile 12 ko mai yankan farce a bakin tasha da abin da ake koya wa ɗaliban lauya a jami'a? To, ina roƙon ku yi mini haƙuri ku bi ni sannu, domin a ganina babu wanda maganar ta shafa kamar ku.

Ni a Dutsen Alhaji nake zaune, watau unguwar nan da ke cikin ƙaramar hukumar Bwari a Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga wajen Kubwa ta nufi garin Bwari. Wanda ya san wurin ya san cewa matattara ce ta ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori waɗanda kuɗin haya ya koro daga tsakiyar Abuja. Ɗalibai ma ba a bar su a baya ba, domin a can Bwari ne hedkwatar Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya take tun 1997, lokacin da aka ɗauko ta daga Ikko, ga kuma jami'o'i nan da can a kewayen birnin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka zauna a teburin mai shayi da dare ka ji samari suna musu a kan sashe kaza na Tsarin Mulki kamar yadda wasu ke musu a kan ƙwallo.

A irin wannan zama ne na tsinci maganar. Wasu ɗaliban lauya na wata jami'a, maƙwabtana ne, sun gama zangon karatu wanda a cikinsa wani malaminsu ya ɗauke su darasi a kan tarihin shari'ar Amurka, tun daga rubuta Tsarin Mulkinsu a Filadelfiya a 1787 har zuwa shari'o'in neman 'yancin baƙar fata. Da aka kai ƙarshe sai aka raba musu takarda, aka ce kowa ya rubuta ra'ayinsa game da darasin, ba sai ya sa sunansa ba. Abin da kowa ya rubuta ne suke faɗa wa juna, ni kuma ina gefe da kofina ina kasa kunne.

Na farkonsu ya ce shi dai ya rubuta cewa ɓata lokaci ne kurum. Hujjarsa ita ce, dokokin da za a tambaye shi a jarrabawar zama lauya, kuma waɗanda zai ci abinci da su, tushensu Ingila ne. Ya ce har yau kotunanmu suna aiki da dokokin Ingila na gama-gari waɗanda ke aiki a can a ranar 1 ga Janairu, 1900, sai fa waɗanda aka soke ko aka maye gurbinsu, kuma ko babin 'yancin ɗan'adam da ke cikin Tsarin Mulkinmu ba daga Amurka aka samo shi ba, ya samo asali ne daga shawarar Hukumar Willink ta 1958, aka kwaikwayo shi daga yarjejeniyar ƙasashen Turai. To, in haka ne, me zai sa a cika masa kai da sunayen alƙalan da suka mutu shekara ɗari biyu a wata nahiya?

Na biyu ya fi shi zafi. Shi cewa ya yi ƙasar da ta gina arzikinta a kan bauta, ta kore 'yan asalin ƙasar daga gonakinsu, ba ta da bakin da za ta koya wa kowa adalci. Ya ce abin kunya ne a ce ɗalibi Bahaushe ya san shari'ar Marbury da Madison ta 1803, wadda a cikinta Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa kanta ikon soke dokar da ta saɓa wa Tsarin Mulki, amma bai taɓa buɗe Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, littafin da aka rubuta a Kano domin mahukuntan Kano.

Ta ukun yarinya ce, ƙanwar ɗaya daga cikinsu, ta zo karɓar saƙo ne ta tarar da musun. Da yayanta ya matsa mata, sai ta ce ita kam ta rubuta cewa a duk darussan da aka yi mata tun shigarta jami'a, wannan ne kaɗai ya bayyana mata halin da take ciki. A Agege aka haife ta, a can aka haifi mahaifinta, ta iya Yarabanci kamar ba ta da wani harshe, amma duk takardar da za ta cika sai ta rubuta sunan wata ƙaramar hukuma ta Jihar Katsina wadda sau biyu ta taɓa taka ta a rayuwarta. Samarin suka yi mata dariya, suka ce ina haɗin biri da gada? Sai ɗayansu ya juyo gare ni ya ce, Yaya, kai ne ɗan jarida, ka raba mana gardama.

Ban raba ba a daren nan, don ni karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ba na so in yi wa masu shirin sa baƙar riga katsalandan da ka. Na ari littattafan yarinyar na yi kwanaki ina dubawa, na haɗa da abin da aikin jarida ya nuna mini. Abin da na gano shi ne, samarin nan biyu kowannensu yana da gaskiya a abin da ya faɗa, amma yarinyar ce ta gane inda gizo ke saƙar.

Mu fara da abin da na farko ya manta. Gaskiya ne dokokin ciniki da na kwangila da yadda ake gudanar da ƙara mun gaje su daga Ingila. Amma tsarin da ake mulkinmu da shi yau ba na Ingila ba ne. A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin zana sabon Tsarin Mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Mutum 50 aka naɗa, Cif Awolowo ya ƙi shiga, suka zama 49. Bayan Majalisar Tsara Mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta, ta yi nata aikin, sai a ranar 1 ga Oktoba, 1979 muka yi ban kwana da tsarin Firayim Minista, muka ɗauki na Shugaban Ƙasa mai cikakken iko, da Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da gwamnoni zaɓaɓɓu, da Kotun Ƙoli mai ikon taka wa kowa birki. Wannan riga kuwa kowa ya san a shagon Amurka aka ga samfurinta. Tsarin Mulkin 1999 da muke kai yanzu ɗan wancan ne, bai canza kamanni sosai ba. Wanda ya ari riga kuwa, ya kamata ya tambayi mai ita inda ta taɓa yagewa da yadda aka yi aka ɗinke ta.

To, ga inda tasu ta yage. Akwai wani bawa mai suna Dred Scott a Jihar Misuri, wanda ubangidansa, likitan soja, ya yi yawo da shi zuwa yankunan da aka haramta bauta. A 1846 ya kai ƙara yana neman a 'yanta shi bisa ga wannan dalili. Shari'a ta yi ta ja har shekara 11. A watan Maris na 1857 Kotun Ƙoli, da bakin Babban Joji Roger Taney, alƙalai bakwai suna goyon baya biyu suna ƙi, ta yanke cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, saboda haka ba shi ma da ikon kai ƙara gaban kotun tarayya. Ku lura da kyau, ba a ce ba a ƙasar aka haife shi ba, ba a ce bai yi mata wahala ba. Asalin kakanninsa aka duba, aka ce da shi ba ka cikinmu.

Shekara huɗu bayan wannan hukunci yaƙin basasa ya ɓarke, daga 1861 zuwa 1865, aka yi hasarar rayuka fiye da 600,000. Da ƙura ta lafa sai suka koma kan Tsarin Mulkinsu suka yi masa gyara. Gyara na 13 a 1865 ya soke bauta. Gyara na 14 a 1868 shi ne wanda nake so ku riƙe. Abin da jimlarsa ta farko ke nufi shi ne, duk wanda aka haifa a Amurka, ko aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, kuma yana ƙarƙashin dokarta, to, ɗan ƙasar Amurka ne, kana kuma ɗan jihar da yake zaune a cikinta ne. Jihar da yake zaune a cikinta, jama'a, ba jihar da kakansa ya fito ba. Daga ranar da ka sauke kayanka a wata jiha da niyyar zama, ka zama ɗanta, ba ka bukatar sa hannun dagaci ko na shugaban ƙaramar hukuma.

Bari in ba ku misalin da mu mutanen wannan yanki ba za mu manta ba. A watan Agusta na 2000 Shugaba Bill Clinton ya zo ƙauyen Ushafa, nan kusa da mu, inda mata ke ginin tukwane. A watan Nuwamba na wannan shekara matarsa Hillary ta ci zaɓen Majalisar Dattawa daga Jihar Niyok. A Shikago aka haife ta, ta yi shekaru da dama a Akansas, kuma a 1999 ne kawai suka sayi gida a Niyok. Abokan hamayyarta sun yi mata gorin baƙunta, ba shakka, amma gori ne na siyasa, babu ofishin da zai ce ta kawo takardar asali.

Yanzu mu juyo gida. Wanda ya karanta Tsarin Mulkinmu na 1999 da sauri zai ce ai mu ma muna da duk wannan. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon yawo da zama a ko'ina cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Har ma sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a duk sassan Tarayya. Sai dai wannan na 15 yana cikin Babi na Biyu ne, babin manufofi, wanda sashe na 6 ya ce kotu ba ta da ikon tilasta wa gwamnati ta cika shi. Watau an rubuta alkawari, kana aka rubuta a gefe cewa ba a bin bashinsa.

Sa'an nan ga ɗaya hannun da ke karɓe abin da wannan ya bayar. Sashe na 147 ya ce lalle Shugaban Ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 318 ya fassara zama na wata jiha da cewa sai in uwarka ko ubanka ko ɗaya daga kakanninka ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Ba a faɗi shekara nawa al'umma za ta yi a wuri kafin ta zama ta asali ba. Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, ta haura shekara ɗari, amma jikan jikan wanda ya fara kafa rumfar goro a can har yau baƙo ne a kan takarda. An bar hukuncin a hannun ƙananan hukumomi, su ba wanda suka ga dama takardar shaida su hana wanda suka ga dama, kuma da wannan 'yar takarda ake shiga soja da ɗan sanda, da ita ake neman aikin gwamnati da tallafin karatu. Ba na musun cewa an kawo tsarin raba daidai ne da kyakkyawar niyya bayan yaƙinmu na basasa, domin kada wani yanki ya danne wani, kuma mu 'yan Arewa mun ci moriyarsa ƙwarai. Amma su Amurkawa da suka fito daga nasu yaƙin sun ɗaura zama ɗan jiha a kan mazauni, mu da muka fito daga namu sai muka ɗaura shi a kan jini. Mun ɗauko ofisoshin da muƙaman duka, muka baro jimlar nan guda wadda ita ce za ta amfani talaka mai ci-rani.

Akwai wata shari'a a cikin littafin yarinyar da na karanta har sau biyu, domin sai na ga kamar labarinmu ake bayarwa. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura da karayar tattalin arziki suka kori dubban manoma daga Oklahoma da Tekzas da maƙwabtansu, suka kwarara zuwa Kalifoniya neman aikin gona. Mutanen can suka ƙyamace su, har a 1936 'yan sandan Los Anjeles suka je kan iyakokin jihar suna mai da matalauta baya. Jihar tana da doka mai hukunta duk wanda ya shigo da fakiri daga waje. A ƙarshen 1939 wani mutum mai suna Edwards ya tafi Tekzas da motarsa ya ɗauko surukinsa wanda ba shi da aikin yi, aka kama shi aka yanke masa ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka. Bai haƙura ba, aka yi ta ɗaukaka ƙara, har a 1941 Kotun Ƙoli ta soke dokar ɗungurungum, ta ce jiha ba ta da ikon rufe ƙofarta ga matalautan wata jiha. Daga baya, a 1969 da kuma 1999, kotun ta sake hana jihohi su ce sai sabon zuwa ya shekara kafin a ba shi cikakken tallafin da ake ba sauran mazauna.

Wa zai karanta wannan bai tuna da namu ba? A watan Yuli na 2013 hukumomin Jihar Ikko suka kwashi wasu marasa galihu suka sauke su a Anacha, abin da ya jawo surutu har Gwamna Fashola ya nemi gafarar al'ummar Ibo. A watan Agusta na 2019 aka tsare wata babbar mota a Ikko ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu, aka bincike su, aka sake su da ba a same su da laifin komai ba. Waɗannan ma masu sauƙi ke nan. Ba sai na tuna muku da Shagamu da Ketu a 1999 ba, ko Idi-Araba a 2002, ko kasuwar Shasha ta Badun a 2021, ko mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 suna kan hanyarsu ta komawa Kano daga Fatakwal. Ban ce takardar asali ce ta kashe su ba. Amma duk inda hukuma da kanta ta raba mazauna gida biyu, 'yan gida da baƙi, to, ta riga ta nuna wa ɓata-gari wanda za a fara taɓawa in rigima ta tashi.

Kada kuma wani ya ce kotunanmu ba za su iya irin abin da na Amurka suka yi ba. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka tsallaka da shi iyaka zuwa Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotu ta Maiduguri ta ce korar haramtacciya ce, ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa, ta sa a biya shi diyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ba ta rushe tushen hukuncin ba. Tsarin Mulkin bai cika wata huɗu da fara aiki ba lokacin da aka yi korar. Sai dai shi babban mutum ne mai jam'iyya da lauyoyi a bayansa. Mai turin baro ba shi da ko ɗaya.

Yanzu in koma kan saurayi na biyu, mai cewa Amurka ba ta da bakin magana. Ban ƙi tasa ba ko kaɗan, illa dai ina ganin abin da ya kawo hujjar ƙin darasin shi ne hujjar yinsa. Ai ba don a yabi Amurka ake karanta tarihin shari'arta ba. Gyaran nan na 14 da na yaba, kotun da kanta ta yi masa zagon ƙasa a 1896 a shari'ar Plessy, inda ta halatta raba baƙi da farare a jirgin ƙasa, hukuncin da aka jingina da shi aka raba makarantu da asibitoci da wuraren cin abinci. Sai bayan shekara 58, a shari'ar Brown ta 1954, aka rushe wannan a makarantun gwamnati. Jajayen Indiyawa kuwa, masu ƙasar tun fil'azal, kotun ta ce a 1884 gyaran bai shafe su ba, sai a 1924 majalisa ta yi doka ta mai da su 'yan ƙasa a ƙasar kakanninsu. Ko a watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin taƙaita zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, aka ɗunguma zuwa kotu. Ashe ke nan rubuta kyakkyawar jimla a Tsarin Mulki somin taɓi ne, tsare ta shi ne aikin.

Maganar Jajayen Indiyawa ta kai ni ga abin da ba zan iya tsallakewa ba, ni da nake zaune a Dutsen Alhaji. Ƙasar nan da na kama hayar ɗaki a kanta ta Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, da sauran ƙabilun da Dokar Soja ta 6 ta 1976 ta tarar a nan lokacin da aka yanke shawarar ɗauke babban birni daga Ikko. An ce Abuja ta kowa ce, kuma lalle ta zama ta kowa, amma su gonakinsu ne suka zama Maitama da Asokoro, wasu aka kwashe su aka tsugunar a Kubwa da wasu wurare, ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, kuma sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin, Zaphaniah Jisalo, a muƙamin minista. In ka ce wa Bagwari a soke maganar asali gaba ɗaya, zai ji kamar ka ce a ƙarasa shi ne. Saboda haka ni ban ce a taɓa sarautar gargajiya ta kowa ba, ko gonakin gado, ko wuraren al'adarsa. Sarkin Hausawan Agege bai taɓa neman zama Oba ba. Abin da nake magana a kai shi ne abin da aka saya da harajin kowa: makaranta da asibiti da aikin gwamnati da tallafin karatu da tsayawa zaɓe. Wanda ya yi shekara 20 yana biyan kuɗin rumfa da na shara a gari, ɗansa ya cancanci kujera a ajin garin kamar ɗan kowa.

Amma fa, 'yan'uwa, wannan magana wuƙa ce mai baki biyu, kuma gara in faɗa muku da kaina. Abin da muke nema a Ikko da Inugu, dole mu yarda a ba Bayarabe da Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya ko a Tudun Wadar Kaduna. Ba za mu yi kukan an kira mu baƙi a Kurmi ba, alhali muna shiru lokacin da wasu matasa suka taru a Kaduna a watan Yuni na 2017 suka ba Ibo wa'adin barin Arewa. Cutar ba ta Kudu da Arewa ba ce kawai. A 2011 Jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalinta ba, mafi yawansu kuwa Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. Jos kuma kowa ya san irin jinin da wannan magana ta zubar tun 2001.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da saurayin nan na biyu ya bi tarihin namu da yake kishi har ƙarshe, da ya tarar ya fi kusa da Gyara na 14 bisa ga takardar ƙaramar hukuma. Ku shiga cikin birnin Kano ku karanta sunayen unguwanni: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa na Larabawan Arewacin Afirka. Zuriyar waɗannan duka Kanawa ne yau, babu mai tambayarsu takarda. Bature ne ya zo ya keɓe Sabon Gari ya ce baƙi su zauna can dabam. A Kudu ma haka abin yake a da. Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'un Ibo ya hau. Saboda haka ina goyon bayan a koyar da Liya'ul Hukkami da tarihin kotunan alƙalai da na Dokar Finalkod ta 1960, kuma a koyar da na Amurka a gefensu, ɗalibi ya auna da kansa. Jami'ar da ta cire ɗaya don ɗalibai sun ce ba ya fitowa a jarrabawa ta cuce su, ta cuci waɗanda za su tsaya wa gobe.

Wani abu guda da na tsinta a littafin ya shafe ku kai tsaye. Tsakanin wajen 1916 da 1970 baƙar fata kimanin miliyan shida suka bar kudancin Amurka suka koma biranen arewa da yamma neman aiki da tsira da mutunci, watau ci-rani irin namu, sai dai su arewa suka nufa. Nasarar 1954 ba daga sama ta faɗo musu ba. Ƙungiyarsu ta NAACP, wadda aka kafa a 1909, ta yi ta tara 'yan kuɗaɗe daga talakawa, ta riƙe lauyoyi irin su Charles Houston da almajirinsa Thurgood Marshall, suna zaɓen shari'o'i ɗaya bayan ɗaya, suna faɗuwa suna tashi, shekara da shekaru. Mu kuwa muna da sarakunan Hausawa a kusan kowane gari na Kudu, muna da ƙungiyoyin 'yan goro da na 'yan shanu da na 'yan gwari da na direbobi, kuma kuɗin da ke ratsa hannunsu a mako ba kaɗan ba ne. Amma sai an ƙone rumfuna ake tunawa da lauya, shi ma don belin waɗanda aka kama. Sashe na 42 yana cikin babin da kotu ke da ikon tilastawa. Me zai hana kowace ƙungiya ta ware wani abu a wata, a riƙe lauya tun lafiya lau, a buɗe littafi a rubuta sunan duk yaron da aka haifa a garin aka hana shi gurbin karatu ko aiki don asali, da kwanan wata da sunan ofishin, a zaɓi mafi ƙarfi a kai gaban alƙali? Majalisa kam ba abin jira ba ce. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, aka yi masa ca daga ɓangarori da dama, ya janye shi a watan Yuli.

Da na mai da wa yarinyar littattafanta na faɗa wa samarin ra'ayina. Na farko ya ce shi dai har yanzu jarrabawa ce a gabansa, in ya ci ma yi magana. Na biyu ya ce zai yarda in malamin ya yarda ya ƙara makonni biyu a kan tarihin shari'a a Daular Sakkwato da Barno, na ce masa ya rubuta wa shugaban sashensu, zan duba masa wasiƙar. Ita kuwa ba ta tsaya jin ƙarshen musun ba, domin da asuba za ta shiga mota zuwa Katsina. Ana neman sabuwar takardar shaidar ƙaramar hukuma a cikin takardun wani tallafin karatu da take nema, kuma an ce sai ta zo da kanta, tare da wani dattijo da ya san kakanta.